Bangon Gidan Goro

An ce za a faɗaɗa titin Aboabo,
kuma gidan goron kakanmu yana kan layi.
Na aro na'ura mai ƙafa uku a wurin aiki,
na kafa ta a tsakar gida ranar Talata da hantsi.
Tana juyi a hankali kamar baƙo mai neman alƙibla,
tana tsintar bango ɗigo-ɗigo,
kowane ɗigo da mazauninsa a sarari,
da ɗan launin da rana ta ara masa a lokacin.

Sau tara na matsar da ita.
Kafin in kai zaure hadari ya taso daga wajen Kejetia.
Ɗakin awo sai da la'asar sakaliya,
rumbun ciki kuwa da hasken ƙwan lantarki.

Da dare na haɗa gutsattsarin a kwamfuta.
Ɗigo miliyan arba'in sun zama gajimare guda,
kusurwa ta hau kusurwa, babu kuskuren tsinin allura.
Launi ne ya ƙi.
Bango ɗaya, fenti ɗaya,
rabi ruwan ɗorawa, rabi ruwan toka,
da layi a tsakiya
kamar ɗinkin tela a jajiberin salla.

Kwabena Ofori ya leƙo ta kafaɗata yana tauna gyaɗa.
Ya ce, nemi inda ɗauka biyu suka haɗu,
inda hantsi da la'asar suka taɓa bulo guda.
Auna tazararsu. Rage wa wannan ja, ƙara wa wancan haske.
Sai dai ka zaɓi ɗaya ta zama uwa,
sauran takwas su bi bayanta.

Wacce zan zaɓa?

Da safe na tarar da Goggo Lantana tana tsince goro a faifai.
Na ce, Goggo, bangon nan wane launi ne?
Ba ta ɗago ba. Ta ce, da wane lokaci?
In na fito alwalar asuba kalar koko ne.
Da damina yakan yi duhu daga gindi.
Ranar da aka fita da Alhaji Mumuni
fari ne fat, har ido ba ya son kallonsa.

Na koma ba amsa.
Sai na tuna da guntun kwali ruwan toka
da nake jinginawa a kowace ɗauka,
shaidar da ba ta da dangi a gidan.
Da shi na yi musu sulhu.
Layin ya narke, bango ya koma bango,
zaure da rumbu suka yarda gida ɗaya suka fito.

Amma kusa da ƙofa, daidai kafaɗar mutum,
akwai wani duhu mai maiƙo
inda 'yan dako suka shekara sittin suna goga huhun goro.
Lissafi ya ɗauke shi inuwa, ya share.
Sai da na bi ɗigon nan da hannu,
dubu goma sha ɗaya da 'yan kai,
ina mayar musu da dattinsu har aka kira assalatu.

Na kai wa Goggo ta gani.
Ta sa yatsa ta juya gidan, ta leƙa ta saman kwano,
ta daɗe a kan ƙofar.
Ta ce, ya yi kyau, Mutawakilu.
Sai dai gidan nan naka
ba a sanin lokacin salla a cikinsa.

Katafila za ta zo ran Litinin.
Na miƙa wa ofis gyararren.
Wancan mai ɗinki a tsakiya,
rabi hantsi, rabi hadari,
yana cikin wayata, ban goge ba.